Maɓallin da Baba Bai Saki Ba

A shekararmu ta biyu a unguwar Fallowfield da ke Manchester maigidana ya shigo da rediyon nan gida. Ba irin wadda ake kunnawa a ji labarai ba ce, wannan magana ake yi a cikinta, wani daga nesa ya amsa. Wanda ya ɗora shi a kan hanyar wani dattijo ne mutumin Gana, Bahaushen zango, da ke zaune da matarsa Hajiya a saman wani dogon bene a Ladywood, can Birmingham. Baba muke ce masa. Shi ya matsa wa maigidana har ya yi jarrabawa ya karɓi lasin, shi kuma ya haɗa shi da ƙungiyarsu, tsofaffin Turawa da ba sa gajiya da waya da ƙarfe.

Duk bazara suna shiga gasa. Sai su hau tudu su kafa tanti da doguwar eriya, domin zangon da suke magana a kai, wanda suke kira VHF, ba ya nisa sai daga sama. Ƙungiyar da ta fi samun masu amsa mata ita ce ta ci. Ba gaisuwa a ciki. Ka faɗi lambarka, ka faɗi inda kake, ka wuce. Baba yakan ce da dariya, "Ɗiyata, wannan wasa na marasa tarbiyya ne, amma akwai daɗi."

Abu ɗaya na fara koya tun ina leƙe daga kicin: abin maganar yana da maɓalli. In ka danne shi ana jin ka, amma kai ba ka jin kowa. Sai ka saki kafin amsa ta shigo.

Da sanyin shekarar nan ɓarin jikin Baba ya shanye. Ya tashi, alhamdulillahi, amma Turancin da ya yi shekaru yana tuƙa bas da shi ya gudu ya bar shi, Hausa kaɗai ta rage a bakinsa. Hajiya ta gaya mini a waya cewa ya sa an kai masa rediyon bakin taga. Wai ko ba zai hau tudu ba, ran gasa zai kira su daga ɗaki, su ji shi ya ji su. Ta ce, "Kullum zancensa ke nan, ko ranar ganin likita ba ya tunawa kamar ranar nan."

Shi ya sa da ranar gasar ta zo na bi maigidana da 'yan ƙungiyar. Na yi dafa-duka na cika kula, na ɗauki filas biyu na shayi. Tudun yana bayan Manchester, ba komai sai tumaki da iska mai shiga ƙashi. Na zauna a kusurwar tanti da carbina, suna ta ihun lambobi cikin ƙarar lasifika kamar ana suya.

Bayan mun yi azahar a kan ciyawa, maigidana ya roƙi shugaban ƙungiyar, wani Bature mai farin gemu, a juya eriya kudu. Aka juya. Shuuu kawai muke ji. Can sai murya ta taso, siririya, tana jan harshe.

"Salamu alaikum. Jama'ar tudu, kun yini lafiya?"

Maigidana ya wawuri abin magana. "Wa'alaikumus salam, Baba! Muna jin ka!"

Amma Baba bai tsaya ba. "Ya gajiya? Ya sanyi? Malam, ya iyali? Ɗiyata ta zo? Ya mai gemu, ƙafar tasa da sauƙi?" Ɗaya bayan ɗaya ya bi su, wanda ya manta sunansa ya kira shi da kamanninsa. Sai ya yi shiru yana jira. Muna jin numfashinsa, muna jin agogon bangonsa. Hannunsa mai lafiyar ya riƙe maɓallin gam, bai saki ba.

"Baba, saki! Saki maɓallin!" Maigidana yake ta faɗa, alhali ya fi ni sanin ba za a ji shi ba.

Turawan ba su san me ake cewa ba, amma sun gane muryar. Duk suka ajiye abin da suke yi. Dokar gasa ta hana a nemi mutum ta waya, amma sai mai gemu ya dube ni, ya nuna jakata, ya ce in kira kawai, gasa ta jira. Na kira Hajiya. Wallahi daga cikin lasifika muka ji wayar tana ƙara, can cikin gidansu. Ashe ta sauka karɓo masa magani, ta bar ta a kicin. Na sake kira. Ta sake ƙara. Muna nan mu duka, ga eriya kamar bishiya, ga batura, ga mutane masu ilimin abin, ba mai iya ɗaga yatsa ɗaya a Ladywood.

"Ba ku ji na ne?" in ji Baba. Ya jira. "To. Allah ya sa dai lafiya. Allah ya ba ku sa'a." Muka ji ƙit, ya kashe daga bango.

Mai gemu ya fita waje wai zai duba igiya. Ba wanda ya taɓa dafa-dukar.

Asabar ta gaba muka shiga jirgin ƙasa zuwa Birmingham. Na durƙusa gaban kujerarsa na ce, "Baba, mun ji ka fa. Tas muka ji ka." Ya yi murmushi irin na wanda ake lallashi. Sai na fara amsa masa gaisuwar a jere yadda ya yi ta: lafiya lau muka yini, gajiya ta bi lafiya, sanyi lokacinsa ne, na zo, ƙafar mai gemu da sauƙi. Ya zuba mini ido har na gama, ya gyaɗa kai a hankali.

"Haka na ce, ɗiyata," in ji shi. "Amma ni ban ji ku ba."

Rediyon tana bakin taga, Hajiya ta lulluɓe ta da ɗankwali. Maigidana ya ce bari ya kunna su gwada, ko daga ƙasan benen ne ya kira shi. Baba ya girgiza kai, ya ce a bar ta ta huta, a miƙo masa butar alwala.