Miƙaƙƙiyar Sandar Tsohon Tela

A unguwar Nima, bayan shagon wani mai aski, akwai ɗakin da muke buga sunuka, wasan tura ƙwallaye cikin rami da sanda a kan tebur. Tebur ɗaya ne, koren ƙyallensa ya koɗe, an yi masa faci biyu. Fanka tana juyawa a sama, amma iskarta ba ta saukowa. Yanzu wayoyi ake sayarwa a wurin, ba na ma bi ta gabansa sai dole.

Dokokinmu a jere suke. Ta farko, sanduna biyar ne a ɗakin, huɗu sun karkace, ɗaya ce miƙaƙƙiya, kuma wanda ya ci wasan Lahadi shi ke riƙe ta har mako ya zagayo. Ta biyu, in an kira salla a ajiye sanda, ko da mutum ya riga ya sunkuya, a bar ƙwallaye inda suke, a kulle ƙofa, a tafi masallaci. Ta uku, makulli yana hannun mutum ɗaya. Da mai riƙe shi ya koma arewa sai aka ba ni, domin an san ba na wasa da doka, dariya ma ba ta cika kama ni ba.

Miƙaƙƙiyar sandar ta daɗe a hannun wani tsohon tela. Tun kafin in fara zuwa take wurinsa, yana naɗe ta a zane kamar jaririya. Ido ya fara gaza masa, hannu yana ɗan rawa, amma Lahadi ba ta taɓa kuɓuce masa ba.

Wata Lahadi sai ga wani direba daga tashar Tudu, mai baki kamar hon ɗin motarsa. Tun zagayen farko yake cewa zai rataye sandar a gaban mota fasinja su gani. Ya kuwa iya wasa. Shi da tela suka kai ƙarshe, saura baƙar ƙwallo kaɗai. Bugu na tela ne, amma baƙar ta manne da gefen tebur, nesa da kowane rami. In ya kuskure, sanda ta tafi Tudu. Daidai nan aka kira la'asar.

Kowa ya fita. Na tsaya rufe taga kamar kullum. Ga abin da na yi, bi da bi: na leƙa waje, na dawo, na sa yatsa na raba baƙar da gefe, na ga bai isa ba, na ƙara tura ta wajen ramin kusurwa. Sannan na kulle, na yi alwala, na shiga sahun ƙarshe. Ko a sujada ita nake gani.

Da muka dawo, direba ya zagaya tebur sau biyu. Ya rantse cewa a jikin gefe ya bar baƙar. Wani ya tambaye shi ko ƙwallo tana da ƙafa. Mai aski ya ce wataƙila motar albasa ce ta wuce ta girgiza ƙasa. Direba ya dube ni, na ɗaure fuska yadda na saba, ya kawar da kai. Tela ya shafa wa kan sandarsa alli, ya sunkuya, ya jefa baƙar rami, ya naɗe sandarsa.

Bayan an watse, ina jan ƙofa, tela ya tsaya kusa da ni yana gyara hula.

"Ɗana, makullin nan sabo ne a hannunka."

Na ce haka ne, Baba.

"Wanda ya riƙe kafin kai, faɗin yatsa ɗaya yake turawa. Kai ka tura tafin hannu guda. So kake a kama mu?"

Na ƙarasa jan ƙofar. Ya ce Lahadi mai zuwa zai ja wasan har a kira la'asar, in kuma hannuna bai yi laushi ba, zai sa a ba wani makullin.

Na koyi faɗin yatsa. Sandar ba ta bar hannunsa ba har ranar da ƙafa ta hana shi fitowa.