Goggo Hajara da Rafin Hanyar Sabuwa

Ina shanya gero a tsakar gida a Kankara, wani direban motar kasuwa ya yi sallama daga zaure, ya ce Goggo Hajara ta rasu a Faskari. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wai tana zaune tana kaɗi, ta jingina da bango kamar mai gyangyaɗi, ba ta ƙara motsi ba.

Ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun daga yaye. A da mace ce mai kuzari, ana jin dariyarta har maƙwabta. In ta dama fura, sai ta leƙa waje ko akwai baƙo kafin ta kai ludayi baki. Takan ce, "Ni dai ban iya sha ni kaɗai ba."

Lokacin da manyan motoci suka yawaita, ana ta jigilar siminti da kwanon rufi, ta shiga ɗaya daga cikinsu tare da ɗanta Lawal, za su Sabuwa biki. Damina ce. Motar ta kife a rafi. Ta riƙe hannunsa, ruwa ya ƙwace shi. Ita kaɗai aka tsamo.

Daga nan muryarta ta yi ƙasa. In ta ji ƙarar mota ko tsawa, sai ta dafe ƙirji, zufa ta karyo mata. Ba ta kai hamsin ba, amma ƙafafunta suka kumbura, ko rijiya za ta sai ta huta a hanya. Da muka kai ta asibiti Funtuwa, likita ya ce hawan jini ya taɓa zuciyar, ya tambaya ko ta taɓa shiga wani tashin hankali.

Ta yi murmushi. "Likita, ai har yau ban fito daga ruwan nan ba."

Zuwana na ƙarshe, na same ta da la'asar gindin ɗorawa, tana kallon gajimare. Ta jawo ni ta kwantar da kaina a cinyarta kamar yarinya.

"Ɗiyata, na ga Lawal a mafarki. Yana tsallaken rafi, rigarsa a bushe. Bai fushi da ni."

Rannan ne kaɗai na ji numfashinta na tafiya a hankali, har barci ya ɗauke mu mu biyu.

Allah ya jiƙan Goggo, ya yafe mata, ya sanyaya makwancinta, ya sa wahalar da ta sha ta zama kaffara. Ya ba mijinta Malam Idi da 'ya'yanta mata haƙurin rashi. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Amin.