Golan da Garba Bai Taɓa Kiran Sunansa Ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar aminina Injiniya Garba, amma har yau idan zafin Agusta ya fara sauka a Maryland sai in ji kamar wayata za ta yi ƙara. A irin wannan kiran ba ya doguwar gaisuwa. Cewa kawai yake yi, "Malam, Asabar a gidana. An fitar da sunayen 'yan wasa." Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa.

Wanda bai san shi ba zai ɗauka ƙwallon ƙafa ake nufi. Garba mutumin Gumel ne, ya girma bai san ƙanƙara ba sai wadda ake jefawa a zoɓo, amma ya ƙare rayuwarsa yana goyon bayan ƙungiyar hoki ta wata ƙaramar jami'a da ke nan kusa da mu. Wasa ne da ake yi a kan daskararren ruwa, kowane ɓangare mutum shida, suna sulɓi da takalma masu ƙarfe a ƙasa, suna korar wani ɗan baƙin faifan roba da sanduna zuwa raga. Ƙungiyar ba ta cikin waɗanda ake nunawa a talabijin. 'Yan kallonta iyaye ne da tsofaffin ɗalibai, sai 'yan mata ƙalilan da suka zo saboda wani. Abin da ya kai Garba wurin ɗaya ne: ɗansa na fari, Nura, shi ne golan ƙungiyar duk tsawon karatunsa.

Kafin kowace kakar wasa ta fara, mukan haɗu a ɗakin ƙasa na gidansa a Mitchellville. Mu uku ne: shi, da ni, da Isufu, wani direban tasi ɗan Damagaram da ke zaune a Annandale, wanda bai taɓa damuwa ya koyi dokokin wasan ba, abin da ke burge shi kawai shi ne an yarda ka maka mutum da bango. Hajiya Binta, matar Garba, takan sauko mana da masa da shayi ta koma. Daga nan sai Garba ya gyara zama ya fara.

"'Yan gabanmu bana ba su da ƙafa. Dogon nan da ya iya harbi ya gama karatu ya tafi. Wanda aka kawo a madadinsa, kafin ya juya sai ka ce tirela ce ta ɓata hanya a babban titin Beltway."

"'Yan baya fa?" in ji ni, don na san abin da yake jira ke nan.

"Biyu ne masu hankali, ɗaya kuma gwiwarsa ba ta warke ba. Kocin mutumin kirki ne, sai dai ba ya jin magana."

Haka zai bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya san sunan kowa, da garin da ya fito, da hannun da yake riƙe sanda da shi, har wanda ba a taɓa sa shi a wasa ba. Idan ya gama kushe su tas, sai Isufu ya ajiye kofi ya ce, "Bon, Injiniya, gaba babu, baya babu, mushen lakwal ɗin, wato kocin, shi ma babu. Mu zauna gida mana mu sha shayinmu, wa ya aike mu shan sanyi?"

"A'a," in ji Garba. "Bana za mu je da nisa."

"Da me, da addu'ar Hajiya?"

"Ba a cin mu da sauƙi." Sai ya ɗaga butar shayi ya ce ta huce.

Mukan yi dariya, domin mun gane. Mutum ya share fili gaba ɗaya, ya kori 'yan gaba, ya kori 'yan baya, ya kori koci, ya bar mutum ɗaya tsaye a bakin raga, sannan ya ce za a je da nisa. Ban taɓa jin uba ya yabi ɗansa yabo mai ƙarfin wannan ba, kuma bai buɗe baki ya ambaci sunan ba. Mai karatu ya san al'adar: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. A bakin Garba, Nura "yaron nan" ne tun yana goye har ya yi gemu. A filin wasa, sauran iyaye suna buga gilashin da ya kewaye ƙanƙarar suna ihun sunayen 'ya'yansu, shi kuwa yana can layin ƙarshe na sama, babbar riga a kan kwat. Idan Nura ya tare wata mai wuya har wurin ya ɗauki sowa, Garba sai ya cire tabarau ya hau gogewa. Amma ranar da ƙanwar Nura, Ummi, ta ci gasar gudu a makarantar sakandare, sai da muryarsa ta dishe.

Na yi yawo a duniya daidai gwargwado, kuma aikin tafinta na yi har na yi ritaya daga ofisoshin gwamnati da ke unguwar Southwest a babban birnin ƙasar. Ko'ina na zauna nakan lura da yadda iyaye maza ke nuna ƙauna. A Mosko, inda na fara ganin hoki ina ɗalibi, na ga ƙaton mutum ya rungume ɗansa yana kuka a bainar jama'a don yaron ya jefa ɗaya a raga. A Hartum uba yakan ajiye sunansa ya ɗauki na ɗan farinsa, har abokansa su manta da na yanka. Ba'amurke kuwa a bayan motarsa yake liƙa labarin bajintar ɗansa. Na daɗe ina ganin namu ya fi duka nauyi da mutunci, kuma nakan faɗi haka da alfahari a wurin cin abinci. Abin da ban tsaya na duba ba shi ne, al'adar tamu rabi biyu ce. A Gumel, idan uba ya yi shiru, kaka tana nan tana yi wa yaron kirari, gwaggo tana nan, baffa yana nan ya ja shi gefe ya ce, ka ga babanka jiya bai iya cin tuwo ba don murna. Gari duka ne yake karanta wa yaro shirun ubansa. Mun sauka a filin jirgi da rabin farko a cikin akwati. Rabi na biyun yana can gida.

Ban gane haka da hankalina ba. Magoya bayan ƙungiyar ne suka nuna min, a makon da ya wuce.

Nura yanzu shi ne kocin wannan ƙungiya. Da rana yana aikinsa na gashin ƙashi a wani asibiti, da yamma yana horar da yaran, kuma bana ce kakarsa ta biyu. Magoya bayan suna da wani dandali a intanet inda suke yin irin zaman da muke yi a ɗakin ƙasa, sai dai nasu babu masa. Nakan leƙa saboda Garba. Bana ra'ayinsu ya kusa zuwa ɗaya. 'Yan gaba sun yi ƙarfi, an samu wani sabo daga Minnesota da ake cewa ƙafarsa kamar iska. 'Yan baya yara ne, za su sha wuya har zuwa sanyi. Wasu na cewa in aka tsallake wasannin farko za a shiga zagayen ƙarshe, wasu na cewa mafarki ne. Amma duk sun yarda cewa komai ya rataya ne a kan golan, wani yaro da ya ɗauki ƙungiyar a kansa bara. Kuma ana raɗe-raɗin ba zai dawo ba. Wata mata, da alama uwar ɗaya daga cikin yaran ce, ta rubuta cewa kocin yana ɗan yaba wa kowa, amma golan nan ko sau ɗaya bai taɓa ce masa sannu da ƙoƙari ba. Wani ya amsa mata a ƙasa cewa shi dai yana son ya san irin gidan da aka rene mutumin da bai iya cewa an gode ba.

Na san gidan. Na ci abinci a cikinsa shekara da shekaru. Na rufe kwamfutar na zauna kamar ni aka zaga, kuma har yanzu ban tabbata ba ni aka zaga ba.

Ranar Asabar aka yi addu'ar shekara a Mitchellville. Bayan la'asar, da mutane suka fara watsewa, na sami Nura a bakin gareji yana loda jakunkunan kayan wasa a bayan mota. Ya rusuna ya gaishe ni da Hausa kamar yadda aka koya masa. Daga gaisuwa kuma sai Turanci, don haka abin da zan kawo nan fassarata ce. Na tambaye shi labarin golan.

"Baffa, kai ma kana karanta waɗannan mutanen?" Ya yi murmushi. "Gola aikinsa ya tare. Ni na yi shekara huɗu ina tarewa, ba wanda ya ce min komai, ga ni ban mutu ba."

"Babanka bai taɓa fashin wasanka ba."

"Yana zuwa, na sani. Yana goge tabarau." Ya jefa wata jaka ciki. "Ina jin ku fa. Duk shekara nakan zauna a kan matakala in kun sauka ƙasa. Ya san sunan kowa, har yaron da ke ɗaukar ruwa. Ina jira ya iso kaina, sai in ji an koma maganar shayi. Na ɗauka ban kai a yi maganata ba ne, ko da ta kushe."

Sai na tsaya a nan bakin gareji, tsoho da ni, na warware masa lissafin. Na ce ya tuna yadda uban ke rusa 'yan gaba da 'yan baya da koci, sannan ya ce za a je da nisa. Na ce ya ƙirga wanda ya rage. Na gaya masa abin da ake yi wa ɗan fari a garinsu, da dalilin da ya sa ake jin sunan Ummi har waje ba a jin nasa.

"Kai da Isufu duk kun gane?" in ji shi.

"Mun gane."

"Mama fa?"

"Ta fi mu ganewa. Ita ma ai ba ta kiran sunanka."

"Na ɗauka ita don tana bin sa ne." Ya jinjina kai. "Kowa ya sani ke nan, ban da ni. Ina zaune taku goma daga inda kuke."

Ya juyo ya dube ni, sai ya koma Hausarsa mai ɗan karkacewa, ya ce, "To faɗa min yadda zai faɗa. Da Hausa. In da zai iya."

Na buɗe baki na nemi muryar Garba, ban same ta ba. Na san mutumin nan tun muna samari, kuma ko a mafarki ba zan iya jin sa yana furta wannan magana ba. Na ce, "Ba zai faɗa ba, Nura. Ko yau aka dawo da shi ba zai faɗa ba. Ba aikinsa ba ne. Aikin baffa ne." Sannan na ce masa, "Nura, ka iya tsaron raga. Mun gani, kuma babanka ya fi kowa gani. Da kai yake taƙama."

Ya rufe bayan motar a hankali. "Na gode, Baffa," in ji shi. "Da ina shekara ashirin na ji, da ya fi min amfani."

Tun ranar nake tambayar kaina abin da Garba zai ce da ya ga wannan zamani. Na tabbata zai fara jin haushina ne, don na tona abin da ya rufe tsawon rayuwarsa. Na tabbata kuma zai bi sunayen 'yan wasan bana ɗaya bayan ɗaya, ya ce ɗan Minnesota gudu kawai ya iya, 'yan baya ba su san hagu da dama ba, ya tsallake kocin kamar babu shi, sannan ya ce za a je da nisa. Amma da zai karanta abin da baƙon nan ya rubuta game da gidansa, da zai ji cewa yaron nan ya ɗauki shirunsa a matsayin hukunci har ya je yana yanke wa ɗan wani irinsa, ban san inda zai sa fuskarsa ba. Mutum ne da bai taɓa yarda a ce ya rage wa wani haƙƙinsa ba.

Ban zo in ce a jefar da al'adar ba. Garba bai yi kuskure a kan abin da aka koya masa ba, ya cika shi har ƙarshe, cikin sanyin da ƙasusuwansa ba su saba da shi ba. Mu da muke zagaye da shi ne muka ci masar Hajiya, muka yi dariya don mun gane, muka hau motocinmu muka tafi. Gidajen Hausawa nawa ne daga Maryland zuwa Virginia da akwai ɗan fari a kan matakala yanzu haka, ban sani ba, kuma ina tsoron sani.

Mako mai zuwa za a fara atisaye. Ko golan zai dawo, ko Nura ya kira shi, ban tambaya ba, don ba ni da bakin tambaya. Abin da ya rage na Garba a duniya ƙauna ce cikakkiya, wadda ba ta da aibi ko ɗaya sai dai ta isa ga mai ita shekara bakwai bayan an binne wanda ya aiko ta. Allah Ya gafarta masa, Ya karɓi kawaicinsa a matsayin da ya nufa. Mu da aka ba saƙon muka riƙe, mu ne muka fi shi bukatar a roƙa mana.