Garin da Ba a Cewa Na Ƙoshi

Kakarmu ba don sanyi kaɗai take hura wuta ba. A ƙauyenmu, can gefen Bakura, inda ruwan Bakolori ke ratsa gonakin shinkafa, sauro bai san rani ba bai san damina ba. Don haka da an ci tuwo an yi isha'i, sai ta kwaso garwashin murhu ta zuba a tsakar gida, ta ɗora masa ɗanyen ganyen dogon yaro. Hayaƙin ya kori sauro, mu kuma ya sa mu hawaye, muna tari muna ƙara matsowa. Sunanta Hajara, amma duk gidan Inna Tsohuwa ake ce mata, kuma har ta rasu tana jin haushin wannan "Tsohuwa" da aka liƙa mata.

Ni da yayana Sani mu ne 'yan gaban goshinta, mu ke zama dab da ƙafafunta. Ni take kira angonta, irin wasan kaka da jika, tana cewa ta yi asarar aure tunda ta ƙare da miji mai majina. Sani kuwa ba ta cika tsokanarsa ba, don shi ba ya ramawa. Yaro ne da ko ƙaya ka miƙa masa zai sa hannu biyu ya karɓa ya ce an gode. Takan binne dankali a cikin toka, kuma ba ta tono shi sai tatsuniya ta ƙare, wai kada bakinmu ya cika mu kasa amsa mata.

"Ga ta nan tahe," in ji ta. "Wa ka tarbon ta?"

"Mu ka tarbon ta!"

Akwai guda ɗaya da muke yawan roƙon ta maimaita. Wani falke ne dare ya yi masa a hanya, ya faɗa wani gari da bai taɓa jin sunansa ba. Mutanen garin suka karɓe shi kamar ɗansu da ya daɗe da ɓata. Aka ɗaure masa jaki, aka yi masa shimfiɗa, aka kawo masa ƙwaryar fura da aka dama da zuma. Ya sha ya yi hamdala. Da safe ya ɗaure kaya zai wuce, sai mai masaukinsa ya ce a garin nan baƙo ba ya tafiya sai ya yi sallama da kowane gida. Falke ya ga ai wannan ba wani abu ba ne. Gidan farko aka fito masa da ƙwarya. Gida na biyu ma haka. Ashe a garin ba a cewa na ƙoshi, kuma wanda ya mayar da ƙwarya da saura kamar ya zagi uwar mai gidan ne. Kafin ya kai ƙarshen unguwa ciki ya yi nauyi, ƙishirwa ta taso masa, ya yi ta kwankwaɗar ruwa har barci ya kwashe shi. Da ya farka gari ya waye, sallamar jiya ta lalace, sai a sake tun daga gidan farko.

A nan Inna takan rage murya. "Kullum shina cewa, gobe da sassahe ni tahi. Kullum gobe. Har jakin nai ya tsuhwa ya mutu ga turke. Shi ko sai ramewa shikai, ga shi kullum cikin zuma. Inda dut ya tsuguna, tururuwa na biye da shi."

Wannan wurin na tururuwa shi ke ba mu dariya har mu kwanta. Wata rana da dariyar ta lafa na tambaye ta wa ya zo ya fitar da shi. Ta ce babu.

"To mayu ne mutanen garin?"

"Kai angona, ba ka da wayo. Babu mugu cikinsu ko guda. Son shi su kai."

Haushi ya kama ni. Na ce wannan ba tatsuniya ba ce, tunda babu dodo, babu wanda aka kashe, babu wanda ya tsira. Sani kuwa cewa ya yi shi da za a nuna masa hanyar garin da ya tafi tun a daren. Inna ta dube shi ta yi murmushi, ta ce, "Nan ta tsaya, in kun tsinci saura ku kawo man." Sannan ta sa kara ta tono dankali.

A wancan zamanin mutum ɗaya muka sani da ciwon sukari, wani attajiri a Talata Mafara, kuma yadda ake faɗin abin sai ka ɗauka sarauta aka ba shi. Ciwon masu hali ake ce masa. Mu da ke tashi da kunun gero, mu kwana da tuwon dawa, mu taka ƙasa zuwa kasuwar Bakura mu dawo, wa zai kawo mana shi? Sai abubuwa suka yi ta sauyawa a hankali, ba wanda ya lura. Shinkafar da muke gani ranar salla ta zama ta safe da rana da dare. Mai shayi ya kafa tebur a bakin masallaci. Babur ya shigo, har zuwa gona mutum sai ya hau. Ba na cewa da can daɗi muke sha, yunwa ma mun san ta. Amma yau in ka je ta'aziyya ka zauna kan tabarma, kafin a shafa fatiha za ka ji wani ya raɗa wa na kusa da shi, "Sukari ne?" Kuma sau da yawa kai ake gyaɗa masa.

Abin da ke ci mini rai shi ne masu halin har yanzu suna kamuwa, amma su tsufa suke yi da shi. Waɗanda muke binnewa manoma ne da ba su san suna da shi ba sai da ido ya fara hazo, ko ƙaya ta soki ƙafa ciwon ya ƙi warkewa. Mata kuwa sun fi shiga uku, don mace sai ta kai ba ta iya tashi kafin a ce a nemo mota.

Ni ma ina da shi. Ina koyarwa a Talata Mafara, asibiti na kusa da ni, maganina na cikin aljihu, kuma a gidan haya nake, inda in na rufe ƙofa ba mai leƙa tukunyata. Sani ma yana da shi, uwa ɗaya uba ɗaya, ciwo ɗaya. Shi yana ƙauye yana noman shinkafa da albasa. Bara lauje ya yanke shi a ɗan yatsan ƙafa, ciwon da yaro ma ba zai yi wa kuka ba, ga shi har yau a naɗe da tsumma, yana cin gaba. Likita ya gaya masa a gabana cewa in bai kiyaye bakinsa ba ƙafar za ta tafi, kuma ba lallai ta tafi ita kaɗai ba.

Ba taurin kai ne da Sani ba. Mutane ne da shi. A wurinmu ba a zuwa duba mara lafiya hannu sake, kuma ba a kawo masa abu mai ɗaci. Wannan ya zo da lemon kwalba, wancan da rake, wata ta aiko da kunu an zuba sukari har cokali na tsayawa. Mai kawowa kuma ba ya tashi sai ya ga an sha. Matarsa Hauwa ta gwada yi masa girki daban, ganye da ɗan tuwon dawa, sai magana ta zaga gari cewa tana horon mijinta da yunwa, dubi yadda ya rame. Ni kuma na taɓa tsayawa a zaure na roƙi jama'a su daina. Kafin la'asar an ce malamin makaranta ya zama bature, yana hana ɗan'uwansa abin baki.

Da daddare Sani ya kira ni. "Don Allah ka bar kunyata ni," ya ce. "Mutum ya taso tun daga gidansa saboda ni, in ce mashi mi?"

Na ce to ya dawo wurina Mafara, ko na ɗan lokaci ne.

"Albasa na gona. Kuma in na tahi, cewa za a yi gudun mutane na yi."

A nan ne tatsuniyar Inna ta dawo mini, ba dariya ko kaɗan. Ban sani ba ko ta taɓa ganin mai ciwon da idonta, ko dai mutanenta kawai ta sani ciki da waje. Da mugu ne ke kashe yayana, da na san ƙofar da zan tsaya da sanda. To wa zan kora? Duk wanda ya shigo gidan nan da kwano a hannu zai iya ba Sani jininsa.

Makon jiya Gwaggo Rabi ta zo, yayar mahaifinmu, wadda ke aure a Maradun. Kowa ya san hanyar nan ba ta shiguwa da wasa a shekarun nan, mutane sai sun yi addu'a sun yi sallama da iyali kafin su hau mota. Tsohuwar nan ta biyo ta, da kwano a cinya, fura ce ta daka da kanta. Bayan an gama gaisuwa, an tambayi gida da gajiya da mai jiki, ta sa aka kawo nono ta dama, ta kwance ƙullin sukari daga bakin zanenta ta juye duka.

"Mara lahiya na son abin da ka ba shi ƙarhi," ta ce. "Amshi, ɗana."

Sani ya dube ni sau ɗaya. Ya yi bisimilla ya kafa kai.

"Ƙara. Ba ka sha komi ba."

Ya ƙara. Sannan ta juyo gare ni da sauran.

"Malam, an ce kai ma kana da shi. Sha, Allah shi ba ku lahiya ku duka."

Duk bayanin da nake yi wa mutane yana bakina a shirye. Na dube ta tana miƙo mini kwanon, ga idonta ya cika da hawaye. Na sa hannu biyu na karɓa, na sha, na ce an gode.

Gwaggo ta ji daɗi ƙwarai. Ta ce ba za ta koma Maradun ba sai Sani ya warke, kuma kullum da safe ita za ta riƙa dama masa da hannunta.