Gyangyaɗin Mai Shayi Ya Dawo Mana Da Ciniki

"Kawu, ɗan yi murmushi mana," na ce, ina saita waya a kasuwar shanu.

"Ni za a saya ko bijimin? Ɗauki kawai!"

Lokacin masu saye daga Kano sun ɗauke ƙafa, wai Potiskum ba ta shiguwa saboda rashin tsaro. Na sa hoton a Facebook, na zuba dogon bayani cewa gari lafiya.

Sai wani Alhaji, tsohon abokin cinikin Kawu, ya rubuto: "Bar bayaninka, ɗana. Mai shayin da ke bayan kawunka na gani yana gyangyaɗi. Inda ake gyangyaɗi ai da sauƙi. Ina hanya."

Ni kuwa har na so yanke mai shayin daga hoton!

Ku fa, me kuka gani kuka yarda gari ya lafa?