Ranar da 'Yata Ta Zama Sarki a Birmingham

Mun tashi da asuba daga unguwarmu Levenshulme, ni da yayata, ana ta yayyafi. Maigidana ya rako mu bakin ƙofa, kuma kafin ya ce a sauka lafiya sai da ya maimaita saƙonsa: "Ki gaya mata ta koma karatun haɗa magunguna. Ban kawo ta ƙasar nan don ta koyi yaren limaman coci ba."

'Yarmu ta fari yake nufi. Shekararta biyu a jami'a a Birmingham, sai watan jiya ta sanar da mu cewa ta sauya, ta koma karatun Latin, harshen da babu kasuwar da ake ciniki da shi yau. Tun ranar uban bai ƙara ɗaukar wayarta ba. Ana haka ta turo mini gayyata, wai za su yi wasan kwaikwayo ranar Asabar.

Muka hau bas a Stockport Road, shaguna duk a rufe. A tashar jirgin ƙasa ta Piccadilly Yaya ta sayi shayi fam uku da rabi, ta kurɓa, ta ce ko a gidan makoki ba a ba mutum irin wannan. Ni kuwa ko ruwa na kasa sha. Cikin jirgi ina ta tsara yadda zan faɗi saƙon, ina rushewa. Bayan mun wuce Stoke jirgin ya tsaya cak a tsakiyar gonaki, tumaki na kallonmu, har kusan minti arba'in. Na tashi, na zauna, na sake tashi.

"Zauna mana," in ji Yaya. "Tsayuwarki ba ta tura jirgi."

Tashar New Street ta Birmingham kuwa ƙofofinta sun fi na kasuwa yawa. Sau biyu muna dawowa wuri ɗaya kafin muka samu ƙaramin jirgin Selly Oak. Unguwar ɗalibai ce: gidaje a manne da juna, kekuna a ɗaure, kwandunan shara sun cika har baki. Su biyar ne a gidansu. 'Yata ta fito da gudu ta rungume ni, sannan ta leƙa bayana.

"Umma, Abba fa?"

"Yana wurin aiki."

Ta san ba ya aiki ranar Asabar. Ta wuce wurin gwajin wasan, saƙon yana nan a bakina. Muka ci kaza da dankali a wani shagon halal a Bristol Road, fam bakwai kowa. Da Yaya ba ta zo da yajinta a jaka ba, da ba mu ci ba.

Ƙarfe biyu muka shiga zauren. Wata malamarsu mai furfura ta yi bayani cewa wajen shekara ɗari huɗu da suka wuce, limaman Katolika da ake kira Jesuit suna da makarantu a ƙasashen Turai, kuma suna sa ɗalibansu yin wasa da Latin don bakinsu ya buɗe a gaban jama'a. Iyayen da ba sa jin harshen sai a ba su takarda mai taƙaita labarin. Mu ma ita aka miƙo mana. Labarin wani sarki ne da aka kai wa tsegumin ɗansa, ya sa aka kulle shi ba tare da ya ji ta bakinsa ba. Gaskiya ba ta fito ba sai bayan yaron ya mutu.

Da sarkin ya fito, Yaya ta toshe baki tana dariya. 'Yata ce, da gemun auduga a kan hijabi.

Sai ta fara magana. Ban san kalma ko ɗaya ba, amma yarinyar da ko baƙi aka yi sai an jawo ta daga ɗaki kafin ta gaishe su, ita ce muryarta ta cika zauren. A ƙarshe ta durƙusa kan gawar tana ta kiran "fili, fili."

"Wane fili kuma take nema?" Yaya ta raɗa mini da ƙarfi.

Na tambayi dattijon da ke gefenmu. Ya ce ma'anarsa "ya ɗana". Daga nan ban ƙara ganin dandalin sosai ba, idona ya cika.

Da aka tashi ta same mu a waje, ragowar auduga a haɓarta.

"Abba ya aiko ki da magana, ko?"

Na faɗa mata yadda ya faɗa, ban rage komai ba. Ta ce da Hausarta mai karyewa, "Umma, shekara biyu ina kuka a ɗakin gwajin magunguna, ban gaya wa kowa ba. Ban bar salla ba, ban bar komai ba. So nake in gaya masa da bakina."

"To wane aiki za ki yi da wannan?"

"Wataƙila koyarwa. Ban sani ba tukuna."

Amsar ba ta yi mini daɗi ba, har yanzu ma. Amma na ce, "Je ki ɗauko jakarki."

A tsaye muka dawo, jirgin ya cika da masu kallon ƙwallo suna ta waƙe-waƙe. Ban gaya wa uban da ita nake tafe ba. Mun iso gida gab da magariba. Shi ya buɗe ƙofa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya daɗe yana kallonta.

"Tashi," ya ce. "Kin ci abinci?"

Bayan salla suka zauna a falo, ni da Yaya muka shige kicin muka ja ƙofa. Mun ji muryarsa ta tashi, mun ji tata ma. Bai amince ba, ita ma ba ta janye ba, amma washegari da kansa ya kai ta tasha.

Abin da na koya a tafiyar nan: akwai maganar da ba a ba ɗan aike, ko da kuwa uwa ce. Iyakar aikina in kawo su ɗaki ɗaya, in fita.