Murfin Langa da Busol ɗin Maigida

Yaya aka yi abin da ba shi da ido, bai taɓa kiwo ba, ya san inda arewa take? Na tambayi maigidana sau da yawa, har ya koma ga Allah bai ba ni amsar da ta gamsar da ni ba. Ni ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubuta mini, in kun ji na tsaya to hawaye ne. Amma ranar da abin nan ya ɓatar da mu a daji ba zan manta da ita ba.

Maigida direba ne, yana da tsohuwar Landiroba da yake jigila tsakanin Tanut da Belbeji. 'Yan shekaru bayan babban fari ya janyo motar wani nasara da ta mutu a rairayi, nasaran ya ba shi wani ɗan akwati kamar sabulu, wai shi busol, mai nuna inda aka dosa. In an haɗa shi da batir sai baƙaƙe su fito da koren haske. Maigida bai san boko ba, da kama ya haddace su: mai kamar zobe yamma, mai kamar maciji kudu, mai kamar matsefi gabas, na huɗun arewa.

Kwana biyu yana ɗaura shi a gaban gilashi, yana jan waya. Ya ce ƙasa tana da wani ja da take yi zuwa arewa, shi abin yake ji. Sai dai ƙarfe ma yana jan sa, don haka dole a kewaya da mota sau biyu a hankali, ya saba da ƙarfen jikinta. Haka ya fita fili bayan kasuwa yana ta zagaye kamar raƙumin jan ruwa. Mata suka zo har gida suna yi mini jaje.

"Malam, an ce ka taɓu," na ce masa.

"Ke 'yar daji, ilimi ne. Ba ki san shi ba."

Da damina saƙo ya zo cewa innata tana kwance a ƙauyenmu, bayan Tenhya, tana kiran sunana. Rabuwarmu ta ƙarshe da ɓacin rai muka yi ta, na faɗa mata maganar da bai kamata ɗiya ta faɗa ba. Ba abin da nake so sai in same ta da rai in nemi gafara.

Muka fita mu biyu, ina gaba da langar fura a cinya. Ruwa ya shafe sawun motoci, ciyawa ta rufe ko'ina. Maigida ya ce ba komai, ga busol. Da rana ta take, hasken ya hana shi ganin baƙaƙen, yana ta runtse ido. Sai na ɗauki murfin langa na jingina a bayan abin, na yi masa inuwa.

"Yauwa! Ashe kina da dabara," in ji shi. Wannan yabon na riƙe shi shekara da shekaru, ina tuna masa duk sanda ya so ɗora mini laifin ɓatanmu ni kaɗai.

Muka yi ta tafiya. Can na lura iskar da take shigowa ta tagarsa tun safe ta koma shigowa ta tawa.

"Malam, mun kauce."

"Busol ya ce daidai muke."

"Iska ta ce ba daidai muke ba."

"Iska ta yi karatun lakwal ne?"

Ni dai a raina ina ganin innata tana duban ƙofa. Sai da azahar ta wuce muka tarar da wani dattijon Bafillace a gindin aduwa da shanunsa. Da muka ce Tenhya za mu, ya dubi bayanmu, ya dubi maigida.

"Direba, da baya motarka take tafiya?"

Maigida ya jawo shi ya nuna masa abin nasara. Ni kuma na ga dattijo ya sha rana, na ɗauke murfin don in zuba masa fura a ciki. Nan take baƙin da ke jikin busol ya canza. Maigida ya karɓi murfin ya mayar, ya canza. Ya ɗauke, baƙin ya dawo. Ya dube ni, na dube shi. Ashe murfin ma ƙarfe ne, shi abin yake bi tun rana tsaka.

Bafillacen ya shanye furarsa, ya nuna mana hanya da sanda. Maigida ya juya, sai taka mota. Bayan la'asar muka isa. Inna ta rame har na kusa kasa gane ta, amma ta gane ni. Na durƙusa na kama ƙafarta. Ta dafa kaina ta ce ta yafe tun ranar. Washegari da hantsi ta cika.

Tun daga nan na san mai ilimi da maras shi kowa yana da abin da ya sani, kuma a mota guda suke ɓata. Maigida bai cire busol ba, amma duk tafiyar da muka yi sai ya duba shi, sannan ya ce, "To, me iska ta ce?"

Bara ciwo ya kwantar da shi. Ranar ƙarshe da safe ya ce in juya shi ya fuskanci alƙibla. Na juya shi ina kuka, na gyara masa matashi. Ya buɗe ido da ƙyar, bakinsa ya ɗan motsa irin na mai shirin tsokana.

"'Yar daji, kin tabbata gabas ce? Ɗauke murfin langa tukuna mu gani."